Sunan Kare Ba Shaidar Lafiyarsa Ba Ne: Martani ga Mai Tallata Karnukan Haɗin Jinsi a Yamai

Ra'ayin da ake mayar wa martani a nan ya fito ne daga alƙalamin wani marubuci da ya yi kira ga magidantan birnin Yamai, musamman mazauna unguwanni irin su Banifandou inda gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe ke ƙaruwa, da su daina karɓar kwikwiyo daga gidan maƙwabci, su koma sayen karen haɗin jinsi daga hannun masu kiwon karnuka don sayarwa. Abin da ake nufi da karen haɗin jinsi shi ne wanda aka samu ta hanyar haɗa barbara da gangan tsakanin jinsi biyu sanannu, sannan aka laƙaba wa 'ya'yan sabon suna da aka ƙera daga rabin sunan uwa da rabin sunan uba. Labradoodle, alal misali, ɗan Labrador ne da Poodle, Cockapoo kuma ɗan Cocker Spaniel ne da Poodle, yayin da Pomsky ya fito daga Pomeranian da Husky, karen da asalinsa ƙasar ƙanƙara ce ta Sibiriya.

Adalci ya wajabta a kawo hujjojin marubucin yadda ya gina su. A ganinsa haɗa jini biyu yana ƙara wa dabba ƙarfin jiki, don haka irin wannan kare ya fi iyayensa lafiya, kuma ya fi karen gari nesa ba kusa ba. Ya ce gashin wasu daga cikinsu ba ya zuba kuma ba ya tayar wa mai asma ko mai ƙaiƙayin hanci da ciwonsa, ya ce sun gaji basirar ɗaya iyayen da haƙurin ɗayan, saboda haka za su yi gadin gida kuma su zauna lafiya da yara. Ya ƙara da cewa karen gari shi ne matattarar ciwon haukan kare, kuma kiwon karnukan waje sana'a ce da za ta iya raba matasa da zaman kashe wando. Damuwar da ke bayan waɗannan maganganu gaskiya ce: magidancin da ɓarawo ya taɓa haura wa katanga yana da haƙƙin neman tsaro, uwar da ta taɓa jin labarin yaron da mahaukacin kare ya ciza tana da haƙƙin jin tsoro, kuma rashin aikin yi a tsakanin matasa ba abin wasa ba ne. Matsalar ita ce maganin da aka miƙa musu bai dace da ciwon ba, kuma yawancin alkawuran da aka rataya masa binciken masana ya riga ya auna su.

Maganar ƙarfin haɗin jini tana da tushe a ilimin gado, amma marubucin ya ɗauki rabinta ya bar rabi. Kowace dabba tana gadon ƙwayoyin halitta bibbiyu ga kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma akwai cututtuka da yawa da ba sa bayyana sai dabbar ta gaji gurɓatacciyar ƙwaya daga ɓangarorin biyu. Idan aka haɗa jinsi biyu da ba su da gurɓatacciyar ƙwaya iri ɗaya, lafiyayyar ƙwayar wancan ɓangare takan rufe ta wannan, sai 'ya'yan farko su fito lafiya. To amma idan jinsunan biyu duk suna ɗauke da cutar fa? Labrador da Poodle da Cocker Spaniel duk an san su da wata cutar ido ta gado wadda ke cinye fatar da ke karɓar haske a bayan ido sannu a hankali har kare ya makance, kuma ƙwayar da ke jawo ta iri ɗaya ce a cikin jinsunan uku. Haka nan Labrador da babban Poodle duk suna fama da gurɗewar ƙugu, wato rashin zaman kan ƙashin cinya daidai a cikin ƙoƙonsa. Ta wace hanya haɗa masu ciwo iri ɗaya zai haifar da wanda ya kuɓuta daga ciwon? Bugu da ƙari, ko a inda fa'idar ta samu, takan ragu a zuriya ta biyu, domin idan aka haɗa ɗan haɗi da 'yar haɗi siffofin kakanni sukan sake warwatsuwa a cikin jikoki, kamar yadda Gregor Mendel ya nuna da shukar wake tun 1865.

Alƙaluma ma sun goyi bayan wannan. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun duba bayanan karnuka sama da 27,000 game da cututtukan gado 24, suka tarar cewa a cikin 13 daga ciki babu bambanci tsakanin karen jinsi tsantsa da mai gaurayen jini, a 10 karen jinsi tsantsa ya fi kamuwa, a ɗaya kuma, wato tsinkewar jijiyar gwiwa, mai gaurayen jini ne ya fi. Sai kuma a 2024 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Masarautar Ingila da ke Landan ta wallafa binciken da ya taɓa ainihin karnukan da marubucin ke tallatawa. An tattara bayanan karnuka sama da 9,000, aka kwatanta Cockapoo da Labradoodle da wani haɗin da ake kira Cavapoo da jinsunan iyayensu a kan cututtuka 57, kuma a kusan kashi 87 cikin ɗari na kwatancen ba a ga wani bambanci ba. Ragowar ya kasu kusan daidai tsakanin inda ɗan haɗin ya fi lafiya da inda ya fi rauni. Wannan sakamako ya fito ne daga ƙasar da likitan dabbobi ke kusa da kowace unguwa, kuma ake da ɗakunan gwajin jinin iyaye kafin barbara. Ina ga kwikwiyon da aka ɗauko a kwali daga ƙasashen gaɓar teku, wanda mai saye bai ga uwarsa ba, balle takardar gwajinta?

Tarihin Labradoodle kansa ya isa amsa ga batun gashi da asma. Wally Conron, wanda ke kula da kiwo a ƙungiyar horar da karnukan ja-gorar makafi ta Ostireliya, shi ne ya yi wannan haɗi a 1989 domin wata makauniya a Hawai wadda mijinta ba ya jure gashin kare. 'Ya'ya uku aka haifa, aka aika samfurin gashinsu da yawunsu don gwaji, kuma ɗaya kaɗai ne bai tayar wa mutumin da ciwo ba. Sunan ma an ƙirƙire shi ne bayan da iyalan da ke riƙon kwikwiyoyin ƙungiyar suka ƙi karɓar mai gaurayen jini, kuma da sunan ya shiga kafafen watsa labarai sai masu nema suka yi yawa. A 2019 Conron ya bayyana a gidan rediyon ABC na ƙasarsa cewa yana nadamar abin da ya fara, saboda yadda masu neman kuɗi suka ɗauki dabarar suna haɗa karnuka ba tare da duba lafiyarsu ba. Abin da ke tayar da asma kuma wani sinadari ne da ke cikin yawun kare da ɓawon fatarsa, wanda kowane kare ke fitarwa ko gashinsa na zuba ko ba ya zuba. Binciken da aka yi a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a 2012 ya auna wannan sinadari a jikin jinsunan da ake cewa ba sa tayar da ciwo, ciki har da Labradoodle da Poodle, ya tarar bai gaza na sauran karnuka ba, a gashinsu ma ya fi yawa. Uban da ɗansa ke da asma, a garin da ƙurar hunturu ke rufe sama watanni, idan ya gaskata wannan talla ya shigo da kare cikin ɗaki, wa zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya?

Dangane da hali, zaton cewa kwikwiyo zai zaɓi kyawawan ɗabi'un iyayensa ya bar munanan ba shi da madogara, domin gado ba ya zaɓe. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2022, wanda ya tattara bayanan karnuka sama da 18,000, ya nuna cewa jinsi yana bayyana kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Sauran ya danganta da abubuwa da dama, ciki har da yadda uwa ta rene shi, da irin mutane da dabbobin da ya saba da su a makonninsa na farko, da horon da ya samu a gidan da ya girma. Akwai kuma saɓani a cikin maganar marubucin kanta, domin Labrador da Poodle da Cocker Spaniel an samar da su ne don ɗauko wa maharbi tsuntsun da ya harbo, an kuma zaɓe su ƙarni bayan ƙarni saboda son mutane da sauƙin kai, alhali mai neman gadi yana son karen da ke ɗari-ɗari da baƙo.

Abin da ya fi nauyi a cikin duk abin da marubucin ya tsallake shi ne yanayin ƙasa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura maki 40, kuma kare ba ya sanyaya jikinsa da gumi kamar mutum, sai dai ta hanyar haki, inda danshin harshe da maƙogwaro ke fita da zafi. Karen da aka rufe da gashi mai kauri biyu irin na Husky, ko wanda aka haɗa da jinsi mai gajeren hanci irin Pug da Bulldog wanda hanyar numfashinsa a matse take tun haihuwa, yana cikin haɗarin bugun zafi ko a Ingila, inda likitocin dabbobi suka sanya masu gajeren hanci a sahun gaba na waɗanda zafi ke kayarwa. Mai sayarwa zai ce a ajiye shi a ɗaki mai na'urar sanyi. Amma mazauna Yamai ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita, kuma ko a shekarun da babu rikici bazara ba ta wucewa ba tare da ɗaukewar wuta ba. Dabbar da rayuwarta ta rataya a kan wutar lantarki dabba ce da aka jefa cikin wahala tun ranar da aka saye ta. Ga kuma kaska, wadda ke ɓuya cikin cukurkuɗaɗɗen gashi tana watsa cutar jini mai kawo zazzaɓi da haɓo, cutar da ta kashe karnukan sojojin Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam, yawancinsu jinsin makiyayin Jamus.

Game da ciwon haukan kare, marubucin ya ɗora laifi a inda bai dace ba. Ƙwayar wannan cuta ba ta tambayar jinsi, tana shiga jikin duk karen da mai cutar ya ciza matuƙar ba a yi masa rigakafi ba, ko an haife shi a bayan kasuwa ko an sauke shi daga jirgin sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Hanyar da aka tabbatar tana katse yaɗuwarta ita ce a yi wa aƙalla kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura. An gwada haka a birnin Njamena, wanda yanayinsa da zaman jama'arsa suka yi kama da na Yamai, inda a 2012 da 2013 aka yi gangamin allurar kyauta da ya kai wannan adadi, sai yaɗuwar cutar tsakanin karnukan birnin ta tsaya na wani lokaci, har sai da ta sake shigowa daga wajen gari. Darasin Njamena shi ne cewa kariyar yaro tana cikin allurar da aka yi wa karnukan unguwa gaba ɗaya, kuma safarar karnuka daga wuri zuwa wuri ita ce ƙofar da cutar ke dawowa ta cikinta. Kwikwiyon da aka raba da uwarsa yana da wata ɗaya ko biyu aka tsallako da shi iyakoki bai ma kai lokacin allurar hauka ba, domin ba a saba yin ta kafin mako 12, kuma yana cikin lokacin da cutar gudawar jini ta kwikwiyoyi ta fi kisa. Saboda irin wannan haɗari ne Amurka ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe masu yawan cutar a 2021, daga baya kuma ta shardanta cewa duk karen da zai shiga ƙasar sai ya kai wata shida.

Abin takaici a cikin rubutun shi ne raina abin gida, alhali ƙasar Nijar tana da karen da duniya ta zo nema. Karen Azawak, wanda ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, dogo ne siriri mai gajeren gashi da zurfin ƙirji, Buzaye da Fulani sun daɗe suna riƙonsa don farautar barewa da zomo da kuma tsaron zango da garke, kuma an san shi da biyayya ga mutanen gidansa da tsare gida daga baƙo, wato ainihin halin da magidancin Banifandou ke nema. Tun farkon shekarun 1970 aka fara fita da shi zuwa Yugoslabiya da Faransa, ƙungiyar jinsunan karnuka ta duniya ta amince da shi a farkon shekarun 1980, ta Amurka kuma ta ba shi cikakken matsayi a 2019. Karen gari na yau da kullum ma, wanda mafarautan ƙasar Hausa ke shiga daji da shi, zafi da kaska da ƙarancin ruwa sun tace zuriyarsa shekaru aru-aru. Makiyayan Nijar sun san wannan ilimi sarai. Tashar Tukunus da ke arewacin Filinge ta yi shekaru da dama tana zaɓen saniyar Azawak don inganta nononta, cibiyar awaki ta Maraɗi kuma tana yin haka ga jar akuya, domin an gane cewa gyara dabbar da ta saba da ƙasa ya fi ɗorewa a kan shigo da wadda sai an yi mata jinya kullum. Me zai hana a yi wa kare irin wannan tunani?

Saura batun sana'a. Babu mai musun cewa akwai kuɗi a harkar, amma ya kamata a tambayi daga aljihun wa suke fita da kuma me aka saya da su. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 42,000 a wata daga 2024, farashin da ake kira wa irin waɗannan kwikwiyoyi kan ninka wannan adadi sau da dama, ban da abincin gwangwani da aski da magani da za su biyo baya har tsawon shekara goma ko fiye. Mai saye kuma ba shi da hanyar tabbatar da abin da aka gaya masa, domin manyan ƙungiyoyin rajistar karnuka ba su ɗauki waɗannan haɗe-haɗe a matsayin jinsi ba, saboda haka babu ma'aunin da za a gwada kwikwiyo da shi, kuma siffar da zai ɗauka ba ta bayyana sai ya girma. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Inda riba ta dogara ga yawan haihuwa, karya ce ke biyan bashin, domin ana yi mata barbara a duk lokacin da ta nema, ana tsare ta a keji, a yar da ita idan ta daina haihuwa. Ƙasashen da wannan kasuwa ta fara bunƙasa a cikinsu sun ga hakan da idonsu: Ingila ta haramta wa dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba tun Afrilun 2020, sai dai a saya kai tsaye daga wanda ya kiwata shi, Faransa kuma ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a shaguna daga 1 ga Janairun 2024.

Mai rubutu ga al'ummar da mafi yawanta Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya bai kamata ya wuce wannan fage shiru ba. Shari'a ta halatta riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, malamai da yawa kuma sun haɗa gadin gida da waɗannan idan buƙata ta kama. Amma hadisin da ya hana cin kuɗin kare yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ambaci hanin tare da saɓanin malamai game da karen da aka yi izinin riƙonsa, inda irin su Sahnun suka halatta sayar da shi. Ko da an bi masu sassauci, sassaucin ya tsaya ne ga kare mai aiki, yayin da karen haɗin jinsi an ƙera shi ne don ado da zaman ɗaki. Hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa kuma yana nuna cewa wahalar dabba abin tambaya ce a kan wanda ya jawo ta.

Matsayin wannan martani, saboda haka, shi ne cewa magidancin da ke da buƙatar kare ta gaskiya ya nemi wanda jikinsa ya dace da Sahel, ya ga uwar da idonsa a wurin da take zaune, ya bar kwikwiyon tare da ita har ya kai wata biyu, ya kai shi wurin likitan dabbobi don allurar gudawar jini da ta hauka da maganin tsutsa da kaska, ya adana katin allurar yana sabunta ta a kan lokaci, ya kuma tanadar masa inuwa da ruwa a maimakon ɗaure shi da sarƙa a rana. Matashin da ke son sana'a a wannan fanni zai fi amfanar kansa da unguwarsa idan ya koyi horar da karnukan gadi ko aikin taimaka wa likitan dabbobi. Hukumomin birni da ma'aikatar kiwo kuwa, tare da ɗakin binciken LABOCEL da ke Yamai, aikin da ke gabansu shi ne gangamin allura unguwa-unguwa irin na Njamena da binciken takardun duk karen da ya shigo ta kan iyaka, tunda ƙasashen duniya sun sanya 2030 a matsayin shekarar kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cizon kare. Kafin a kai can, duk wanda kare ya ciza, na gari ne ko na waje, ya wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar don karɓar allura, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu wanda ke tashi.